Muhawara: Mutum nawa ne za su sami ceto a ranar shari'a?

Maman Nuhu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma ina roƙon iyayenmu fastoci da malamai da ke zauren nan su taimaka. A taron farkawa da aka yi a unguwarmu makon jiya, mai wa'azin ya ce ranar shari'a, cikin mutum 1,000 da ƙyar a sami ɗaya da zai shiga mulkin sama. Ya yi ta nanatawa har mata suna kuka. Wai wannan lissafin yana cikin Littafi Mai Tsarki? In yana ciki a nuna mini wurin. In kuwa babu, to me Littafin ya faɗa game da yawan waɗanda za su tsira?

Malam Ishaya: Salama Maman Nuhu. Ɗaya cikin dubu dai ban taɓa cin karo da shi a aya ba. Amma kada rashin adadin ya sa mu saki jiki, domin abin da mutumin yake nufi gaskiya ne. Ki buɗe Matiyu 7:13-14. Ubangiji da bakinsa ya ce hanyar hallaka tana da faɗi, masu binta suna da yawa, hanyar rai kuwa matsattsiya ce, masu samunta kaɗan ne. A Matiyu 22:14 ya ce da yawa aka kira, kaɗan aka zaɓa. Zamanin ruwan tsufana mutum 8 suka tsira a duk duniya. Saduma, Ibrahim ya yi ta roƙo daga 50 har ya sauko 10, goman ma ba a samu ba. Ina dalilin da zai sa mu ɗauka zamaninmu ya fi nasu?

Iliya: Ni na san inda lissafin ya fito, domin a gidan Musulmi na tashi. Akwai hadisin da aka ruwaito cewa ranar ƙiyama za a umarci Annabi Adamu ya ware 'yan wuta, 999 daga kowane 1,000. Ko a can ɗin ma maganar ba ta tsaya nan ba, an ci gaba da cewa yawancin adadin daga Yajuju da Majuju ne. Muna zaune a Kano, muna jin wa'azin juna ta lasifika safe da yamma, ba abin mamaki ba ne mutum ya tsinci magana ya manta inda ya tsince ta. Amma ba daidai ba ne a hau bagade a faɗe ta da sunan Littafi Mai Tsarki.

Dauda: Malam Ishaya, ina ka baro Wahayi 7:9? Yahaya ya ga taro mai yawan da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe, tsaye gaban kursiyi da fararen riguna. Allah kuma ya ce wa Ibrahim zuriyarsa za ta zama kamar taurari da yashin bakin teku. Wannan ne kaɗan?

Rahila: To 144,000 ɗin fa? Shaidun Jehobah sun zo shagona a Sabon Gari sun ce su kaɗai ne za su hau sama.

Dauda: Koyarwarsu ke nan, Anti Rahila: 144,000 a sama, sauran masu aminci su zauna a duniya da aka sabunta. Amma ki karanta surar da kanki. Aya ta 4 ta ce 144,000, an kasa su 12,000 daga kowace kabila 12 ta Isra'ila, aya ta 9 kuma ta kawo taron da ba ya ƙirguwa, su ma a gaban kursiyin suke. Ikkilisiyoyinmu ba su yarda cewa wannan adadin shi ne iyakar 'yan sama ba.

Rabaran Yakubu: Salama ga kowa. Na bi abin da aka rubuta. Maman Nuhu, tambayarki an taɓa yi wa Yesu ita kai tsaye, shi ya sa nake so mu fara daga can kafin kowa ya jawo ayar da ta yi masa daɗi. A Luka 13:23, yana kan hanyar Urushalima, wani ya tare shi ya ce, Ubangiji, kaɗan ne za su sami ceto? Da Yesu yana so mu san adadi, ga dama ta samu. Bai bayar ba. Ya ce ku yi fama ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa, domin da yawa za su nemi shiga su kasa. Sa'an nan ya ba da labarin maigida da ya tashi ya rufe ƙofa, na waje suna bugawa suna cewa ai mun ci mun sha tare da kai, ka yi koyarwa a titunanmu, shi kuwa ya ce ban san inda kuka fito ba.

Ku lura da su waye aka bari a waje. Ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, waɗanda suka saba da muryarsa. Kuma a nan take, aya ta 29, ya ce za a zo daga gabas da yamma, kudu da arewa, a zauna cin abinci a mulkin Allah, na baya su zama na gaba, na gaba su koma baya. Wato a amsa guda ya tsoratar da mai ganin ya riga ya shiga, ya kuma buɗe zancen mutanen da ba wanda ya sa su a lissafi.

Saboda haka abin da zan iya tsayawa a kai shi ne wannan: akwai hallaka ta gaske, kuma Yesu ya ce masu tafiya can suna da yawa. Akwai ceto, kuma Yahaya ya ga masu cetuwa ba su ƙirguwa. Wane ɓangare ya fi yawa, da kashi nawa, ba a ba mu ba. Duk wanda ya ba ki adadi, daga aljihunsa ya ciro.

Malam Ishaya: Baba Rabaran, da girmamawa, taro yana iya zama ba ya ƙirguwa amma duk da haka ya zama kaɗan in aka gwada shi da waɗanda suka hallaka. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, masu amsa sunan Kirista biliyan 2 da ɗoriya ne, cikinsu kuma nawa ne aka sāke haihuwarsu? Matiyu 7:21 ya ce ba duk mai ce mini Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga ba. Kuma ba ni na fara wannan fahimtar ba. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar cewa waɗanda aka bari cikin hukunci sun fi waɗanda aka kuɓutar yawa nesa ba kusa ba. Toma Akwinas a ƙarni na 13 shi ma ya ce masu tsira su ne marasa rinjaye. Yahaya Kirisostom ya taɓa duban jama'ar birninsa cikin wa'azi ya ce cikin dubban nan da wuya a sami 100. Waɗannan ba yara ba ne.

Baba Haruna: Ishaya ɗana, ƙofofin ganuwar Kano na dā ai matsattsu ne, amma kafin rana ta faɗi duk fatake da jakunansu sun shige. Ƙuncin ƙofa yana nuna yadda ake shiga ne, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙafarsa.

Malam Ishaya: Baba, na ji misalinku, amma Ubangiji bai tsaya a kan ƙunci ba, ya ƙara da cewa masu samunta kaɗan ne. Wannan kalmar ba zan iya goge ta ba.

Rabaran Yakubu: Kada ka goge ta, Malam. Amma kada ka goge Matiyu 8:11 ita ma, inda bakin nan guda ya ce da yawa za su zo daga gabas da yamma su zauna tare da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Game da magabata kuwa, abin da ka faɗa haka yake, sai dai ba su kaɗai suka yi magana ba. Akwinas ɗin da ka ambata, a wuri guda ya ce abin da ya fi shi ne a ce Allah kaɗai ya san adadin zaɓaɓɓu. Spurgeon, babban mai wa'azin Baftis na Landan a ƙarni na 19, wanda ba wanda zai zarge shi da sassauta zancen wuta, ya ce shi ya gaskata 'yan sama za su fi 'yan jahannama yawa. Hujjarsa ita ce Almasihu dole ya zama shi ne mafifici cikin kome, bai ga yadda Shaiɗan zai tashi da rabo mafi girma ba. Charles Hodge da Warfield, malaman tauhidi na Princeton a Amurka, masu bin koyarwar Kalbin sau da ƙafa, su ma sun tafi a kan cewa masu hallaka za su zama 'yan kaɗan in aka gwada su da dukan waɗanda aka ceta. Ka ga ba rigimar masu riƙe Littafi da masu sakinsa ba ce. Cikin masu riƙon ne aka rabu.

Ka tuna da annabi Iliya kuma. Ya rantse shi kaɗai ya rage, Allah ya ce masa akwai 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Annabi ne fa, amma ƙidayarsa ta yi ƙasa da ta Allah nesa.

Talatu: Ni aikin jinya nake yi, bari in ƙara abin da ba a cika sawa a lissafi ba. Masana ƙidayar jama'a sun ƙiyasta cewa mutanen da aka taɓa haifa a duniya sun haura biliyan 100, kuma a yawancin tarihi kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kai balaga. Ku tambayi kakanninmu, mace ta haifi goma ta binne biyar ba baƙon abu ba ne. In har jarirai da ƙananan yara da suka mutu suna hannun Ubangiji, to lissafin Malam Ishaya ya sāke gaba ɗaya. Ni na riƙe jarirai sun cika a hannuna, uwa Kirista, uwa Musulma, kukan iri ɗaya ne. Ba zan iya yarda cewa wuta suka nufa ba.

Mama Asabe: Amin 'yata. Sarki Dawuda da ɗansa ya mutu cewa ya yi, ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba. Da wannan ayar muke yi wa mata ta'aziyya a zumunta. Yesu ma ya ce a bar yara su zo wurinsa, mulkin Allah na irinsu ne.

Malam Ishaya: A kan jarirai ba ni da ja. Maganata a kan manya ce masu hankali.

Katikis Bulus: Salamar Kristi. Bari in faɗi matsayinmu na Katolika tunda an taɓo magabata. Ikkilisiya tana koyar da cewa jahannama gaskiya ce kuma madawwamiya ce, tana kuma koyar da cewa Allah bai ƙaddara wa kowa shiga can ba, sai wanda ya juya masa baya da gangan ya dawwama a haka har ƙarshe. Ta ambaci sunayen waliyyai masu yawa ta ce suna sama, amma ba ta taɓa kafa doka ta ce wane ɗan wane yana wuta ba. Adadi kuwa ba ta taɓa yankewa ba. A cikinmu akwai masu zafi, kamar Leonard na Port Maurice a ƙarni na 18, wanda wa'azinsa a kan ƙarancin masu tsira har yau yana yawo a intanet. Akwai kuma irin su Hans Urs von Balthasar, wanda ya ce muna da izinin sa zuciya ga ceton kowa, ba tare da mun ce tabbas haka za a yi ba, kuma ya sha suka a kai. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2007 a kan bege, ya ce ana iya zaton waɗanda suka lalace ƙurmus da waɗanda suka tsarkaka sarai ba su ne yawancin mutane ba. Yawanci a tsakiya suke, zuciyarsu a buɗe take ga Allah amma da datti a jikinta, shi ya sa muke koyar da tsarkakewa bayan mutuwa. Na san a nan 'yan'uwanmu na ECWA da Baftis za su ce a'a. Jarirai marasa baftisma kuwa, a 2007 ɗin nan hukumar malaman tauhidi ta Batikan ta ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa suna tsira.

Maman Nuhu: Na gode ƙwarai, iyayena. Bari in fito da abin da ke cina a rai. Mu Maguzawa ne daga wajen Tudun Wada. Kakata da ta raine ni ba ta taɓa taka majami'a ba, kafin mai bishara ya zauna a ƙauyenmu ta tsufa, kunnenta ma ya yi nauyi. Tana tsafinta na gado, amma kullum za ka ji ta ce Allah yana gani, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a ƙofar gidanta ba. Da mutumin nan ya ce ɗaya cikin dubu, ba kaina na tuna ba, ita na tuna. Tana ina?

Baba Haruna: 'Yata, tambayarki tambayar dukanmu ce, duk wani Bahaushe mai bi yana da irin wannan kabarin a bayansa. Ki duba tarihi. A 1900 'yan mishan, Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito. Daga tashin Almasihu zuwa lokacin, shekara wajen 1,900 ke nan kakanninmu suna haihuwa suna mutuwa. Ni ban yarda a ce duk tsawon wannan zamani Allah ya juya wa ƙasar Hausa ƙeya ba. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ne ya yanka wa kowace al'umma zamaninta da iyakar mazauninta, domin su neme shi, ko sa laluba su same shi, ba shi kuwa da nisa da kowa.

Kuma muna da shaida a garin nan. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda daga karatunsa na Alƙur'ani ya kai ga girmama Annabi Isa ƙwarai, ya tara almajirai da aka riƙa kira Isawa, har abin ya ci ransa. Babu mishan ko ɗaya a Kano a lokacin. Mabiyansa suka watsu, daga baya wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Miller a Zariya, suka zauna a Gimi, daga cikinsu aka sami gidajen Kirista Hausawa da aka sani har yau. Wa ya fara aiki a zuciyar mutanen nan kafin mai bishara ya zo? To wanda ya yi wannan a fili, mai yiwuwa ne ya yi abin da ba mu gani ba a zuciyar wata tsohuwa a Tudun Wada.

Malam Ishaya: Maman Nuhu, Allah ya sani ba na so in ƙara miki ciwo, ni ma kakana haka ya tafi. Amma Baba, in muka bi wannan hanyar ina za ta kai mu? Ayyukan Manzanni 4:12 ya ce babu wani suna ƙarƙashin sama da aka bayar domin cetonmu. Romawa 10 ya ce yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Legas a 1893 tare da Bingham, a 1894 su biyun sun mutu, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, samari ne. In mutanenmu suna tsira ba tare da bishara ba, me ya kawo su suka mutu? Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi, tsohon babban sakataren ECWA, kafin ya rasu a Mombasa a 1975 babban abin da ya yi ta gargaɗi a kai ke nan, cewa koyarwar kowa zai tsira tana shigowa ikkilisiyar Afirka ta ƙofar girmama addinin gargajiya. Ina tsoron tausayi ya sa mu faɗi abin da Allah bai faɗa ba.

Baba Haruna: Na san Kato, ɗana, muna samari ake karanta mana rubutunsa. Ban ce tsafi yana ceto ba, ban ce kowa zai tsira ba. Cewa na yi ban san iyakar inda hannun Almasihu yake kaiwa ba.

Dauda: To ni bari in tambaya a fili, me ya hana kowa ya tsira a ƙarshe? 1 Timoti 2:4, Allah yana so dukan mutane su sami ceto. 2 Bitrus 3:9, ba ya so kowa ya hallaka. Romawa 5:18, kamar yadda laifin mutum ɗaya ya jawo wa kowa hukunci, haka aikin adalci na mutum ɗaya ya kawo wa kowa rai. Yahaya 12:32, zan jawo dukan mutane wurina. Orijen na Iskandariya a ƙarni na 3 ya koyar cewa a ƙarshe za a maido da kome ga Allah, Giregori na Nissa ma ya yi magana mai kama da haka, kuma har yau waliyyi ne a wurin Katolika da Otodoks. Agustin da kansa ya yarda cewa a zamaninsa masu irin wannan ra'ayi suna da yawa. Allah mai iko duka ya so abu, sa'an nan ya rasa yawancinsa?

Rabaran Yakubu: Dauda, tambaya ce ta gaske, ba zan tsawata maka ba. Amma a nan ina tare da Malam Ishaya. An hukunta wannan koyarwa da aka danganta wa Orijen a ƙarni na 6, zamanin Sarki Justiniyan, sunansa ma yana cikin waɗanda taron Kustantiniya na 553 ya la'anta. Ko da ba a yi taron ba, Matiyu 25:46 yana nan: waɗannan su tafi madawwamiyar azaba, masu adalci kuwa rai madawwami. Game da Yahuza, Yesu ya ce da ba a haife shi ba da ya fi masa. Wannan ba maganar da za a yi wa wanda zai tsira daga baya ba ce. Allah yana so kowa ya tsira, gaskiya ne, amma Yesu ya yi kuka a kan Urushalima ya ce sau nawa na so in tattara ku, ku kuwa kuka ƙi. Mutum yana iya ƙi. In ka cire wannan, gargaɗin Yesu duka ya zama wasan yara.

Maman Nuhu, ke kuma ga abin da zan iya gaya miki da lamiri mai tsabta. Ba zan ce miki kakarki tana sama ba, domin ba a nuna mini ba. Ba kuma zan bari wani ya ce miki tana wuta ba, domin shi ma ba a nuna masa ba. Duk wanda ya tsira, ta jinin Almasihu ya tsira, ba ta tsafi ba, ba ta kyauta ba. Amma Ibrahim da Ayuba da Rahab ta wannan jinin suka tsira alhali ba su taɓa jin sunan Yesu Banazare ba. Romawa 2 ya ce al'umman da ba su da Shari'a, lamirinsu zai zama shaida, ko ya kā da su ko ya kāre su, a ranar da Allah zai shara'anta asiran mutane ta wurin Almasihu. Luka 12:48 ya ce wanda aka ba da yawa, da yawa za a nema a hannunsa. Malamanmu sun rabu a kan ko waɗannan ayoyi suna buɗe ƙofar ceto ga wanda bai ji ba, ko sauƙin hukunci kawai suke nufi, ba zan ɓoye miki wannan ba. Abin da ba su rabu a kai ba shi ne tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, cewa Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Alƙalin da zai duba kakarki shi ne wanda ya mutu a kan gicciye. Ya san ta fiye da yadda kika san ta.

Mama Asabe: Baba Rabaran, maƙwabtanmu fa? Lokacin wani rikici da aka yi a garin nan, wani Alhaji ne ya buɗe gidansa ya ɓoye ni da 'ya'yana, ya zauna a ƙofa da kansa. Ya rasu yanzu. Duk sa'ad da na karanta Matiyu 25, ina baƙo kuka sauke ni, shi nake gani.

Ayuba (mai kula da zaure): Iyaye da 'yan'uwa, tunda an shigo wannan ɓangaren, a yi magana da ladabi. Ba a buɗe zauren nan don a ci mutuncin addinin kowa ba, kuma kada a ɗauki hoton rubutun wani a kai waje.

Katikis Bulus: Mama, a wurinmu babban taron Batikan na biyu ya yi magana a kan wannan a 1964. Ya ambaci Musulmi da suna cikin waɗanda shirin ceto ya shafa, ya ce suna bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai wanda zai yi wa mutane shari'a a ranar ƙarshe. Ya kuma ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa da taimakon alheri, yana iya samun ceto. Iyawa aka ce, ba tabbaci ba, domin a sakin layi guda an ƙara da cewa sau da yawa Mugun yana ruɗin mutane, shi ya sa shelar bishara ta zama dole. An yi wani fada, wato limamin Katolika, a Boston, Leonard Feeney, da ya dage cewa duk wanda ba ɗan Katolika ba ne hallakakke ne. Roma ta ƙi fassararsa a 1949, a 1953 kuma aka fitar da shi daga zumunci saboda ya ƙi amsa kira.

Malam Ishaya: Allah ya sāka wa zuriyar Alhajin nan da alheri, abin da ya yi ba ƙarami ba ne. Amma Mama, Afisawa 2:8-9 bai canza ba, ceto ta alheri ne ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Kuma wanda ya ji labarin gicciye ya ce bai yarda ba, ba ɗaya yake da wanda bai taɓa ji ba.

Iliya: Malam, a nan ina so ka saurare ni, domin ni na fito daga can. Mahaifina ya ji kalmar Kirista duk rayuwarsa, amma abin da ya ji shi ne masu Allah uku, masu shan giya. Bisharar da ni na ji daga baya, shi ba wanda ya taɓa zama ya faɗa masa ita. To ya ji ne ko bai ji ba? Ni ban iya yankewa ba, kai ma ba za ka iya ba. Ina yi wa 'yan'uwana da suke raye addu'a kullum, ina kuma gaya musu abin da na gaskata in dama ta samu, domin na yarda Yesu ne hanya. Amma ba na zama in rarraba matattun gidanmu.

Malam Ishaya: Ɗan'uwa Iliya, ba zan yi jayayya da kai a kan mahaifinka ba. Matsayina dai yana nan, kaɗan ne, kamar yadda aka rubuta, kuma gara in yi wa mutum gargaɗi ya tsorata ya tuba da in kwantar masa da hankali ya hallaka. Abin da na yarda da Baba Rabaran a kai shi ne ba a hawa bagade da adadi.

Rabaran Yakubu: Gargaɗi wajibi ne, Malam, ni ma ina yi. Damuwata da irin wa'azin da Maman Nuhu ta ji ita ce abin da yake haifarwa. Na ga masu bi da suka yi shekaru suna fitowa gaba a kowane taron farkawa suna sāke karɓar Yesu, domin an cusa musu cewa kujerun sama sun kusa ƙarewa. Mai rauni yana jin ɗaya cikin dubu sai ya ce to ni ina zan kai, ya koma gidan jiya. Mai girman kai kuwa yana ji sai ya ɗauka shi ne ɗayan. Alhali Yesu ya ce wanda ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan, ɓarawon da ke kan gicciye ma a sa'arsa ta ƙarshe aka karɓe shi.

Maman Nuhu: Na gode Baba, hankalina ya ɗan kwanta. Tambaya ɗaya ta rage. Ya halatta in riƙa yi mata addu'a?

Katikis Bulus: A wurinmu ƙwarai kuwa. Ran 2 ga Nuwamba kowace shekara muna yin addu'a domin dukan matattu masu aminci, kuma ba abin da ya hana ki miƙa kowane mamaci ga jinƙan Allah.

Rabaran Yakubu: A wurinmu kuwa ba ma yi, 'yata, domin Ibraniyawa 9:27 ya ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, addu'armu ba ta sāke abin da aka gama. Amma kina iya gode wa Allah saboda ita, kina iya gaya masa ciwon da ke ranki a kanta, wannan ba wanda ya hana.

Dauda: Katikis, wace aya kuke dogara da ita a kan addu'a domin matattu? Na ji an ce tana cikin Makabiyawa, mu kuwa babu shi a namu Littafin.

Ayuba (mai kula da zaure): Dauda, wannan wata doguwar magana ce, ta haɗa da yawan littattafan Tsohon Alkawari, dare kuma ya yi. Ka buɗe mata wuri dabam gobe bayan sujada, Katikis da Baba Rabaran su amsa a can.